Zanen Zumunta: Suturar Kiristocin Kudancin Kogin Kaduna a Ma'aunin Nazarin Hausa

Duk ɗalibin da ya taɓa rubuta kundi a kan tufafin Hausawa ya san jerin da ake bi: babbar riga da 'yar ciki da wando da hula ga maza, zane da riga da kallabi da gyale ga mata, sannan a rufe da babi a kan tasirin Musulunci da na zamani. Babu ƙarya a jerin. Illarsa tana wurin da yake tsayawa, domin a birnin Kaduna bakin gada ne iyakarsa. Da zarar an haye kogi zuwa Barnawa da Kakuri da Television da Narayi da Sabon Tasha da Unguwar Romi, za a tarar da dubban mutane da ke sujada da Hausa kowace Lahadi, suna taya atamfa da Hausa, suna rigima da tela da Hausa idan ya saɓa alkawari, amma da wuya a ga suturarsu a cikin waɗannan kundaye. Ya kamata a gan ta, kuma sassan Hausa na jami'o'i ne suka fi cancanta su ɗauki aikin.

Hujja ta farko harshe ne. Tun shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya taka rawa babba a cikinsa, kuma da Hausa ne mishan-mishan suka yi wa yawancin al'ummomin tsakiyar Nijeriya wa'azi. Sunayen ikilisiyoyin ma shaida ne. HEKAN, mai hedikwata a Kaduna, taƙaitawa ce ta Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya, haka EYN ta Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A majami'un ECWA da na Baftis da na Katolika da yawa a kudancin kogi akwai sujadar Turanci, akwai ta Hausa, kuma a ta Hausar ne mutumin Bajju da na Atyap da na Ham da na Adara da na Gbagyi suke haɗuwa a benci ɗaya. Wanda ke neman sanin yadda ake maganar tufafi da Hausa a yau, ba zai tsallake wannan taro ba sai da asara.

A cikin wannan taro babu suturar da ta kai zanen Zumuntar Mata cancantar nazari. Zumuntar Mata ƙungiya ce ta matan ikilisiya, galibi matan aure, kuma kowace ɗarika tana da nata zanen da ake bugawa musamman, ɗauke da sunanta da alamarta. Da shi ake fita ranar taro, da shi ake rera waƙa ana kaɗa tulu da ganga da caki, da shi ake zuwa ta'aziyya da barka da gaida mara lafiya. Barbara Cooper ta nuna irin ƙarfin wannan ƙungiya a tsakanin Kiristocin Maraɗi a littafinta na 2006, kuma abin da ta gani a can bai yi nisa da abin da ke Sabon Tasha ba.

Aikin da zanen yake yi ya wuce ado. Babi na biyu na wasiƙar Yaƙub yana tsawata wa ikilisiyar da ke ba mai tufafi masu tsada wurin zama na girma ta bar matalauci a tsaye. Fastoci suna wa'azi a kan wannan babi, amma zanen Zumunta ne yake aiwatar da shi a zahiri. Ranar da aka ɗaura shi, matar babban ma'aikaci a matatar mai da mai soya ƙosai a bakin titin Kachia sun zama kala ɗaya, farashi ɗaya. Mai kuɗi tana iya nuna kanta a takalmi ko jaka ko agogo, kuma tana yi, amma babban abin da ido ke fara sauka a kansa an riga an daidaita shi. Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika faɗa a fili ba: zanen yana tafiya da sharaɗi. Wadda ta ɗaura shi ta ɗauki sunan ikilisiya a jikinta, kuma ana sa ran kada a gan ta da shi a wurin da bai dace ba. Ke nan sutura ce, kuma takardar shaida ce, kuma linzami ce. Da wuya a sami wani yanki na yadi a ƙasar Hausa da ke ɗauke da ma'anoni uku irin waɗannan a lokaci guda.

Anko kuwa kishiyarsa ce, ko da yake a ido suna kama. Shi ma kowa kala ɗaya, sai dai ba ikilisiya ce ke zaɓa ba, amarya ce ko iyalan mamaci, kuma sabo ake fitarwa kowane biki. A watan Disamba, lokacin da bukukuwan aure da Kirsimeti da tafiya ƙauye suke cin karo da juna, mace ɗaya tana iya samun kanta da anko uku ko huɗu a gabanta, ga kuɗin ɗinki, ga ashoke, ga kayan Kirsimetin yara, ga kuɗin makaranta yana jira a Janairu. Ƙin saye yana nufin a ce ba ta da zumunci. A nan ne addini da rayuwar yau da kullum suke gogayya da gaske, domin mutanen da ke jin wa'azin wadar zuci ranar Lahadi su ne ke cin bashi ranar Litinin don kada a ga bayansu. Matan Tudun Wada da Rigasa ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan, domin ɗawainiyar iri ɗaya ce a gaɓoɓin kogin biyu.

Gardamar da ta fi zafi a cikin majami'u ita ce ta wando da rufe kai da kayan ƙawa. Masu tsanantawa suna kafa hujja da Kubawar Shari'a 22:5 a kan shigar maza da mata, da 1 Korintiyawa 11 a kan lulluɓe kai, da 1 Timoti 2:9 a kan ado. Cocin Deeper Life na Fasto W. F. Kumuyi ya yi suna wajen tsanani a wannan fanni. Cocin Living Faith na Bishop David Oyedepo, cocin da ya yi shekarunsa na farko a Kaduna kuma yake da babbar majami'a a Barnawa, ya fi sassauci, kuma a irin waɗannan majami'u kyakkyawar shiga takan zama alamar albarka. Tsofaffin ɗariku suna tsakiya, suna fama da 'yan matan da suka ga sabon ɗinki a Instagram da TikTok suka kai wa tela hoton a waya.

Abin da ya shafi manazarcin Hausa a wannan gardama shi ne kalmomin da ake yin ta da su. Dattijuwar da ke tsawata wa yarinya a ƙofar coci ba ta cewa komai sai kunya da mutunci da kamun kai da tarbiyya. Takan ce shigar ba ta 'yar gidan mutunci ba ce, takan ce tsiraici ne. Kalmar sutura kanta daga Larabci ta shigo Hausa da ma'anar rufewa, kuma ta ratsa har cikin bakin mai wa'azin Kirista ba tare da ya ji ta baƙuwa ba. Shin ma'anar kunya a bakin shugabar Zumunta daidai take da ma'anarta a bakin malamar Islamiyya? A ina suka haɗu, a ina suka rabu? Elisha Renne ta rubuta littafi guda a 2018 a kan lulluɓi da rawani da gyaran addini a tsakanin Musulmin Arewa. Takwaransa a kan ɗankwalin coci yana nan yana jiran mai rubutawa, kuma wanda ya ƙware a Hausa zai ji abubuwan da mai aiki da tafinta ba zai ji ba.

Ga kuma tarihin yadin kansa. Kudancin kogi ya cika da mutane ne saboda tashar jirgin ƙasa da masana'antu, musamman masaƙu. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, sauran irin su Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960, har aka riƙa kwatanta Kaduna da Mancesta. Iyayen da yawa daga cikin matan Zumunta na yau, da mazajensu, ma'aikatan waɗannan masaƙu ne. An rufe Kaduna Textiles a 2002 aka bar ma'aikata suna bin haƙƙoƙinsu shekara da shekaru, UNTL ma ta tsaya a 2007. Yau mafi yawan atamfar da ake ɗaurawa a majami'un Kakuri daga Sin take zuwa, kuma kaso mai yawa yana biyowa ta Kantin Kwari a Kano. Wato ɗan kasuwa Musulmi ne sau da yawa yake sayar da yadin da za a yi sujadar Ista da shi, kamar yadda amaryar da za a ɗaura wa aure a coci takan nemi mai zana mata lalle ba tare da tambayar addininta ba.

Wannan cuɗanya tana da nauyi idan aka tuna abin da birnin ya gani. Rikicin shari'a na watannin Fabrairu da Mayu na 2000, da na gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamba 2002, sun tilasta wa iyalai da yawa yin ƙaura: Kiristoci suka yi kudu, Musulmi suka yi arewa, ko da yake har yanzu akwai Musulmi a Makera da Nasarawa da Barnawa, akwai kuma Kiristoci a arewacin kogi. A ranakun tarzoma tufafi yana zama abin tsoro, domin da shi da suna ake yanke wa mutum hukunci a shingen hanya. Hijabi ko siket, hula ko rashinta, sun taɓa zama bambancin isa gida da rashin isa. Duk da haka rigar Hausa ba ta bar kudu ba. Dattawan ikilisiya suna zuwa sujada da kaftani da hula, angwaye suna sa babbar riga a liyafa, kuma marigayi Patrick Ibrahim Yakowa, Kirista na farko da ya zama gwamnan farar hula na Jihar Kaduna, daga 2010 zuwa rasuwarsa a Disamba 2012, da babbar riga da hula jama'a suka fi saninsa. Yadda riga ɗaya take zama alamar girma ranar biki kuma alamar haɗari ranar fitina, tambaya ce ta al'ada tsantsa.

Akwai ƙalubale mai ƙarfi da za a iya yi wa wannan kira, kuma bai kamata a raina shi ba. Yawancin waɗannan mutane ba Hausawa ba ne, kuma ba sa son a kira su haka. Tarihin dangantakarsu da masarautar Zazzau yana da ɗaci, kuma Moses Ochonu ya bayyana a littafinsa na 2014 yadda Turawan mulkin mallaka suka yi amfani da hakimai da ma'aikata Hausawa wajen mulkar irin waɗannan al'ummomi. Shi ya sa Bajju suka yar da sunan Kaje, Atyap suka yar da Kataf, Ham suka fi son sunansu a kan Jaba. Shi ya sa kuma ake ta farfaɗo da tufafin gargajiya na kowace ƙabila, waɗanda ake gani a bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu da Tuk Ham na Kwoi, har a ranakun al'adu na majami'un cikin birni. Manazarcin da ya shigo Narayi yana cewa ya zo ya ƙirga su cikin Hausawa, ya cancanci a juya masa baya.

Amsar ita ce nazarin Hausa bai taɓa zama ƙidayar ƙabila ba. Ana nazarin Hausar zangon Kumasi da ta barikin soja ba tare da an tambayi asalin mai magana ba. Abin da ake bukata shi ne ladabi: a kira mutane da sunan da suka zaɓa, a rubuta abin da suka ara daga Hausa da abin da suka ƙi ara da dalilinsu, a kuma yarda cewa su ma sun ƙara wa harshen wani abu, kamar yadda kalmar zumunta ta sami sabuwar ma'ana a hannunsu. Mafi kyawun masu yin aikin su ne ɗaliban da suka tashi a waɗannan unguwanni, kuma ba za su zo sashen Hausa ba muddin suna ganin babu rayuwarsu a cikin darussansa. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana da harabarta a tazarar da ba ta wuce hawan mota ɗaya ko biyu ba daga Kakuri.

Kayan aikin kuwa suna ƙarewa. Tsofaffin zannuwan Zumunta da na anko da aka saya lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki suna nan a ƙasan akwatunan tsofaffin mata, kuma a gefen atamfa ake buga sunan kamfanin da ya yi ta. Matan da za su iya cewa wannan na wace shekara ne, nawa aka saye shi, wa ya zaɓi kalar, wace gardama aka yi kafin a amince da shi, sun haura shekara 70. Idan ɗaya ta rasu, 'ya'ya suna raba zannuwan, wanda ya koɗe kuma a mai da shi tsumman goge daki.