A Daina Zubar Da Dagwalon Mai

Ga lokacin kasafin kuɗi ya sake zagayowa, kuma tambayarmu ta bara tana nan: ina kason binciken da zai amfani talaka?

Man gyaɗa da na waken suya da matan unguwar Fezzan a Maiduguri ke soya ƙosai da shi, idan na kamfani ne, sai ya bi ta matatar da ke barin dagwalo a baya: kumfar sabulun da soda ke fitarwa, da ƙasar wanke launi wadda ke tsotse mai har takan kama da wuta da kanta a juji, da abin da tururi ke kwashewa a matakin cire wari. A wannan na ƙarshe akwai bitamin E, wanda muke saye da dala daga waje. Masana sun daɗe da nuna cewa inzayim, musamman lifes da ake samu daga ƙwayoyin halitta, yana mayar da kitsen da ke cikin dagwalon ya zama man dizal, ba tare da zafi mai tsanani ko ruwan asid ba. A Malesiya har ƙasar wanke launin ake tatsa.

Mutanen Maiduguri ba sa bukatar a koya musu darajar dizal. Tun da aka tarwatsa turakun wutar hanyar Damaturu a 2021, masu injin markaɗe da masu walda sun ga tasku, har zuwa buɗe tashar wuta mai aiki da gas a 2023.

Za a ce inzayim na da tsada, kuma manyan matatun suna Kano, a Sharaɗa da Challawa. Mun ji. Amma ana iya ɗaure inzayim a jikin ƙananan ƙwayoyi a yi ta maimaita aiki da shi, kuma tirelar da ta kawo mai ba za ta gagara kawo dagwalo ba.

Bukatarmu ɗaya ce: gwamnatin Borno da Hukumar Bincike da Bunƙasa Albarkatun Masana'antu su ware kuɗi a kafa ƙaramar masana'antar gwaji a Jami'ar Maiduguri. Jami'ar nan da aka kafa a 1975 ta daɗe tana yaye masana sinadarai, kundayensu na shan ƙura a kanta. Haka aka zura ido dalar gyaɗa ta baje, aka koma kallon hotonta.

Ba taron bita muke nema ba, mun ƙoshi da jakunkuna da alawus. A sa kuɗin gwajin a kasafin bana, a faɗi sashen da zai riƙe shi, a kuma faɗi ranar da za a nuna wa jama'a litar farko.