Garin Neman Gira: Maigida da Gyaran Gidan Ƙasa

Yau dai sai ku yi haƙuri da ni, domin maganar da na zo da ita babu falo mai sanyi a cikinta, babu kujerun alfarma irin waɗanda muka saba karantawa a littattafai. Magana ce ta laka da siminti, da katangar da muke jingina da ita kullum ba mu taɓa tambayar lafiyarta ba.

Duk wanda ya zaga tsofaffin unguwanninmu a lokacin bazara, ko a cikin birnin Kano ne, ko Zariya, ko Katsina, ko Damagaram, zai ga tarin yashi a ƙofar gidaje da buhun siminti biyu ko uku a jingine a zaure. Idan ka tambaya wane birkila aka kira, sai a ce maka ai maigida ne da 'ya'yansa za su yi abinsu ranar Asabar. Ni kam ban ga laifin wannan niyya ba ko kaɗan. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 komai ya tashi, a farkon 2024 kuma buhun siminti ya haura naira 10,000, ga kuɗin aiki, ga abincin leburori. Mutumin da ke fama da cefane ba za ka ce masa ya kira ma'aikaci don toshe rami ɗaya ba. Abin da ke damuna shi ne mun yi musayar aiki: gyaran da ya dace da hannunmu mun watsar da shi, wanda kuma ya fi ƙarfinmu shi muka ɗauka.

A da, maigida ya gyara gidansa da kansa ba abin labari ba ne. Kafin ruwan farko a sauka an hau soro an share, an duba indararo ko ya toshe, an cike tsaga. A kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a yi yaɓe. Wanda yake da hali ya sa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, wanda ya fi shi kuma ya nemi laso, wato haɗin katsin marina da gashin akuya na majema da dafara, abin da ruwa ke zamewa a kansa. Mata su ma suna da nasu fannin, su ne masu daɓe, a taru da maƙwabta ana bugawa ana waƙa har tsakar ɗaki ta yi sulɓi. Amma duk da wannan ƙwarewa, babu maigidan da zai tashi ya ce shi zai jera azara ko ya ɗaura bakan gizo. Wannan aikin magina ne, masu gado, masu sarkinsu. Kowa ya san inda hannunsa ya tsaya.

Yanzu fa? Maigida ya gaji da yaɓen kowace shekara, ga shi kuma yaran zamani ba sa son taka laka, ga kududdufan da ake ɗibar ƙasa an cike su an yi gine-gine a kai. Sai ya yanke shawarar yin abin da zai huta gaba ɗaya: ya lulluɓe katangar ƙasa da filastar siminti, ya shafa fenti. Ranar da aka gama, gida ya fito tsaf kamar na bulo, uwargida ta yi murna, maƙwabta su zo yin barka. To a nan ne matsalar take farawa, kuma ba za a gan ta ba sai bayan damina biyu ko uku.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin nan ne zuciyar maganar. Katangar ƙasa tana shan ruwa, tana kuma fitar da shi. Damshi yana hawowa daga ƙasa ta gindinta, feshin ruwan sama yana dukanta, amma da rana ta fito iska ta kaɗa sai ta bushe. Siminti kuwa ba ya barin damshi ya fita da sauƙi. Sannan shi da laka ba sa tafiya tare: zafin rana da sanyin dare suna buɗa su suna tsuke su, kowanne da nasa gwargwado, ita laka tana da sassauci, shi siminti ya sandare. Ba a jimawa sai filasta ta yi 'yan tsage-tsage kamar gashi. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a nan ruwa ne ƙadangaren. Ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya zauna tsakanin siminti da tubali yana jiƙa ƙasa a hankali. Daga waje fenti yana ƙyalli, daga ciki katanga ta koma kunu. Da yaɓen laka ne, da ta fara zaizayewa ido zai gani a gyara. Siminti kuwa rufa wa ciwon asiri yake yi, har ranar da marka ta sauka a watan Agusta, a ji rim cikin dare. Allah Ya kiyaye, amma duk shekara sai mun ji labarin katangar da ta faɗa wa yara suna barci.

Wani zai ce ai shi ya kafa ƙusoshi ko ya danna tsakuwa a jikin bangon kafin ya yi filasta, don ta kama. Haka ne, za ta kama, ta daɗe ba ta ɓare ba. Sai dai riƙe filastar kawai ya yi, bai buɗe wa damshin hanya ba.

Na biyun wannan shi ne fasa shago. Wannan kam ya zama ruwan dare, duk gidan da ke bakin hanya sai an huda shi. Maigida ya ɗauki diga da guduma ya fasa ƙofa mai faɗi a bangon ɗakin da ke kallon titi, ya kafa ƙofar ƙarfe, ba tare da ya tambayi kansa me wannan bangon yake ɗauke da shi ba. Alhali kawunan azara a kansa suka kwanta, a kan azara kuma akwai ƙasar rufi mai nauyin gaske, wadda ma wataƙila an shekara talatin ana ƙara mata sabuwa a kan tsohuwa ba a taɓa kankarewa ba. Babu linta ta kirki, wani lokaci katako guda ake gittawa a ce ya isa. Kuɗin hayar shekara ɗaya ake nema, a jefa ɗaki da na cikinsa cikin haɗari. Garin neman gira ke nan.

Haka nan mai haƙa sokawe ko masai a gindin katanga don kada ya ci filin tsakar gida, da mai zuba kankare a tsakar gida ba tare da ya karkata shi zuwa kwata ba, ruwa ya riƙa kwanciya a jikin ɗaki. Ba na ma son in shiga zancen mai jan wayar lantarki da kansa, ya murɗa biyu ya naɗe da leda ya cusa cikin silin. Wannan sai an ware masa rana guda.

Ko a gidan bulo, inda siminti yake a muhallinsa, ganganci bai ƙare ba. Buhu ɗaya kilo 50 ne, amma maigida mai neman sauƙi sai ya ja shi da yashi har kwaɓin ya rasa ƙarfi, kana murzawa da yatsa yana zuba. Sannan ga rashin ban ruwa. Mutane da yawa sun ɗauka siminti bushewa yake yi ya yi ƙarfi, alhali ruwan ne yake haɗuwa da shi ya ƙarfafa shi. Yana buƙatar a riƙa jiƙa shi kamar mako guda, kuma sai ya yi kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfinsa. Wanda ya yi filasta da tsakar rana a watan Afrilu, ko cikin iskar hunturu, ya tafi ya bar ta, ya zubar da kuɗinsa ne kawai.

Na san abin da magidanta za su mayar mini: ma'aikatan ma ai ba su da tabbas. Wani ya karɓi kafin alƙalami ya ɓace mako biyu, wani ya rage siminti ya kai wani aikin, wani jiya lebura ne yau ya sayi cokalin gini ya ce shi birkila ne. Wallahi gaskiya ne, kuma da yawa daga filastar da nake kuka da ita birkiloli ne suka yi ta, ba su ce wa mai gidan komai ba saboda kada aiki ya kuɓuce musu. To amma maganin mugun ma'aikaci shi ne maigida ya san abin da ake yi masa, ya tsaya a kai, ya nemi tsohon magini a unguwa ya ba shi ɗan goro ya duba masa bango kafin a taɓa. Har yanzu akwai su, sai dai ba mai zuwa wajensu.

Kada kuma wani ya ɗauka ginin ƙasa abin raini ne. Masallacin Agadas mai hasumiya mai tsawon mita 27 da ƙasa aka yi shi, yana nan tsaye saboda ana kula da shi ana sabunta masa yaɓe. Masallacin Yaama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina da taimakon mutanen garin, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Amma kuma mun ga yadda wani ɓangare na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta a watan Agustan 2023 har aka rasa rayuka, mun kuma ga tsohon masallacin Damagaram ya faɗi bayan ruwa mai yawa a Satumban 2024. Idan aikin gwanaye yana iya kaiwa nan, ina ga ɗakin da maigida ya huda da diga?

Ga mai son ya sa hannu a gidansa, aiki yana nan jibge, kuma mafi yawansa ba ya cin ko buhu ɗaya. Ya hau sama kafin damina ya share indararo, ya tabbata yana zubar da ruwa nesa da bango. Ya yashe kwata. Ya tara ƙasa a gindin katanga ta gangara waje, ko ya jera dutse ya kare wurin daga feshi. Idan ya sa kwano, ya bar masa baki mai tsawo da zai yi wa bango laima. Ya duba kawunan azara da katako ko gara ta kama. Tsagar da ta miƙe daga sama zuwa ƙasa tana ƙara buɗewa, ko bangon da ya fara yin ciki, wannan ba na cikewa ba ne, a kwashe yara daga ɗakin a kira magini.

Wanda kuma ya riga ya yi filastar a kan laka, ya ɗauki maɓalli ko ɗan dutse ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa, musamman daga gwiwa zuwa ƙasa da kuma ƙarƙashin indararo. Inda ya ji sauti ya cika, da sauran dama. Inda ya ji yana amsawa kamar ganga, to siminti ya rabu da ƙasa, akwai rami a baya. Ya ɓare wurin tun rana tana da zafi, ya bar bangon ya sha iska ya bushe, sannan ya cike shi da irin ƙasar da aka gina shi da ita.