ZARE: Hipnosis ba sihiri ba ne, kuma ma'aikatan lafiyar Runka na buƙatar koyonsa

1/ Jiya na rubuta layi biyu cewa ya kamata a koya wa ma'aikatan lafiya na karkara hipnosis. Kafin la'asar an kira ni boka, an kira ni ɗan bori, wani ma cewa ya yi boko ya cinye min imani. To ku gyara zama, zaren da tsawo.

2/ Ni ɗan Runka ne, ƙaramar hukumar Safana, bakin dajin Rugu. Tun daren da 'yan bindiga suka shiga unguwarsu, gwaggona ba ta ƙara barcin kirki ba. Ko ƙwarzane ba ta yi ba, amma babur ya gifta da dare sai jikinta ya ɗau ɓari.

3/ Wani mai kemis ya ba ta diazepam, wai na sati biyu. Yau wata takwas ke nan, in ba ta haɗiya ba ido biyu za ta kwana. Cuta ɗaya ta koma biyu. Irinta nawa ne daga Runka zuwa Batsari? Kowa ya ƙirga na gidansu.

4/ Wai me ake nufi da hipnosis a asibiti? Ma'aikaci zai zauna da kai, ya jagorance ka da magana har jikinka ya saki, hankalinka ya tattaru wuri guda. A wannan hali shawara kamar "zafin yana raguwa" tana kama jiki fiye da kullum.

5/ Ba barci kake ba. Kana jin komai, kana iya buɗe ido ka tashi ka yi tafiyarka. Wancan da kuke gani a finafinan Indiya, ana kaɗa wa mutum agogo ya koma bawa, wasan kwaikwayo ne kawai.

6/ Masu cewa akwai ɓoyayyen ƙarfi a ciki, an riga ku. Haka Franz Mesmer ya yi iƙirari a Faris. A 1784 sarkin Faransa ya naɗa kwamiti, har da Benjamin Franklin a ciki. Suka gwada, suka ce babu wani maganaɗisu, tunanin majiyyacin ne ke aikin.

7/ A 1843 wani likitan tiyata a Manchester, James Braid, ya fitar da littafi a kai, shi ya yaɗa sunan da ake kiran abin da shi yau. A 1845 James Esdaile ya fara yi wa mutane tiyata da irin wannan dabara a Indiya, shekara guda kafin maganin sa barci na ita ya bayyana.

8/ Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da shi a 1955, ta ma ba da shawarar a koyar da shi ga ɗaliban likitanci. A Liège ta Beljiyam, tun 1992 Farfesa Faymonville da abokan aikinta ke tiyata da hipnosis haɗe da allurar kashe zafi ta wurin da za a yanka.

9/ A 2008 hukumar NICE ta Ingila ta sa shi cikin abin da za a iya gwadawa ga masu ciwon hanjin nan na IBS da magani ya kasa bayan shekara guda. Duk waɗannan bokaye ne? Haba jama'a.

10/ Wani ya turo min fatawar Lajna Da'ima ta Saudiyya. Na karanta da ladabi. Abin da ta siffanta shi ne a sumar da mutum da taimakon aljani, a tambaye shi gaibu ko inda kayan sata suke. Wannan bokanci ne, ni ma ban yarda da shi ba.

11/ Amma nas da ke ce wa mai naƙuda "ja numfashi a hankali, ki tuna inuwar gidanku", ina aljani a nan? Ni ba malami ba ne. Roƙona a kai wa malamanmu cikakken bayani, su ga yadda ake yi da idonsu, sannan su yi hukunci.

12/ Yanzu inda masu sukar suke da gaskiya. Hipnosis ba ya maganin maleriya, ba ya ɗinke rauni. Ba kowa yake kamawa daidai ba. Ba a yi wa wanda ke jin muryoyi ko ganin abin da babu. A hannun jahili yana iya dasa wa mutum tunanin abin da bai taɓa faruwa ba.

13/ Ko ga firgici irin na gwaggona, mataimaki ne kawai. Jigon magani shi ne zama da ƙwararre a yi ta tattaunawa bisa tsari. Ai shi ya sa nake cewa HORO, ga mai lasisi. Ba kwas ɗin kwana uku a WhatsApp da satifiket na dubu biyar ba.

14/ Masu cewa "mu da ba mu da farasitamol, ina mu ina wannan?" Wallahi hujjar taku tawa ce. Abin nan ba ya son wutar NEPA, ba ya son firji, ba ya jiran mota daga Katsina ta bi hanyar da kowa ke tsoro. Kujera biyu da ma'aikacin da ya iya.

15/ Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, mu kuma mun haura miliyan 200. Manyan asibitocin suna Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano. Matar da ta baro gonarta da zane ɗaya, da wane kuɗin za ta je?

16/ Wanda take iya gani shi ne ma'aikacin lafiya na gari, ko ungozoma. Su ake yayewa a makarantun lafiya na Kankiya da Daura da Malumfashi. To a can ya kamata a fara.

17/ Buƙatata uku. A sa darasin lafiyar ƙwaƙwalwa mai ƙwari, irin tsarin mhGAP na WHO. A haɗa da dabarun kwantar da jiki da hipnosis, da Hausa, ƙarƙashin kulawar ƙwararru. A koya masu gane wanda ya fi ƙarfinsu su tura shi gaba.

18/ Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Doka na takarda, gwaggo na Runka ido biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

19/ In kana da hujja kawo ta, zan karanta, in na yi kuskure in janye. In zagi ne, an riga an yi jiya. Ɗaliban jinya da na lafiya 'yan Katsina, ku tura wa malamanku zaren nan. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.