Bashin gida a Ingila: kada ka jira wasiƙar banki

Kai da ka sayi gida da bashin banki a Ingila, har ka ɗora hoton makulli a Instagram, ka duba takardunka kuwa? Tsayayyen kuɗin ruwan nan galibi na shekara 2 ne ko 5. Ranar da wa'adin ya cika, in ka yi shiru, banki zai mayar da kai kan farashinsa na gama-gari, mai tsada. A 2021 kuɗin ruwan Babban Bankin Ingila kashi 0.1 ne, zuwa Agustan 2023 ya kai 5.25. Ni dai a ganina, tun saura wata shida ka fara zagaya bankuna. Kuma kada ƙaramin kashi ya ruɗe ka, wani tayin sai ka biya kusan fam 1,000 kafin a ba ka shi.