Tankin Ruwa Yana Buƙatar Mai Shi

A Amurka da Turai akwai wata irin mota da aka mayar da ita gida, da gado da kicin da banɗaki, iyali su yi makonni suna yawo a cikinta. Tankuna uku take ɗauke da su: na ruwan sha, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Mesar da ake cika tankin sha da ita ba ta haɗuwa da mesar zubar da ƙazanta, ko a wurin ajiya. Idan an je juyewa, tankin bayan gida ake fara buɗewa, na wanka ya biyo baya ya ɗauraye mesar. Tankin sha kuwa akan cika shi da ruwa mai kulorin lokaci-lokaci, a bar shi wasu sa'o'i, a zubar, a ɗauraye. Mai motar shi ne hukumar ruwa, shi ne kuma dubagari. In ya yi sakaci, cikinsa ne zai fara ba shi labari.

Irin wannan mota ba ta bin hanyar Runka, garin da ke bakin dajin Rugu a ƙaramar hukumar Safana. Amma dokar da take aiki da ita, ita ce dokar kowane gari: ruwa mai tsabta da ƙazanta kowa ya bi hanyarsa, kuma a san wanda alhakin raba su ke wuyansa. A nan ne yankin ke da rauni. Ruwan burtsatse yakan fito da tsabtarsa. A hanya yake lalacewa. Yana lalacewa a tankin sama da murfinsa ya ɓalle, gansakuka ta kama cikinsa, da jarkar ɗan ga-ruwa da ba a wanke ba, da randar da kowa ke tsoma moɗa har da yatsu. Da damina kuma, masai da aka haƙa kusa da rijiya yakan tsiyaya cikinta.

Hare-haren 'yan bindiga sun ƙara nauyin. Mutanen ƙauyuka sun kwararo garuruwa irin su Batsari, wasu gidajen dangi, wasu makarantu, famfo ɗaya da masai ɗaya suka koma ɗaukar ninkin abin da aka gina su dominsa. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji ke bi, sun tanadi aƙalla lita 15 ga mutum a rana, da tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, da ragowar kulorin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita a bakin famfo. Sakamakon watsi da irin waɗannan ma'aunai ya bayyana a 2021, lokacin da cibiyar NCDC ta ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Katsina na cikin jihohin da cutar ta yi wa ɓarna.

Wani zai ce wanda ke gudun ransa ba ya da lokacin wanke tanki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai rashin tsaron ne ya sa rigakafi ya zama tilas. Amai da gudawa na iya kashe yaro cikin sa'o'i, kuma inda ake tsoron hanya da dare, kai shi asibitin Dutsin-Ma sai gari ya waye. Buroshi da kulorin da sabon murfi ba su kai kuɗin jinya ɗaya ba.

Don haka bai kamata hukumar RUWASSA ta jiha, ko ƙaramar hukuma, ko ɗan gari mai neman sadaka jariya, su miƙa burtsatse ba sai an naɗa mai kula da tankinsa. A rubuta sunansa a jikin tankin da fenti, tare da ranar wankin ƙarshe, yadda duk mai ɗibar ruwa zai gani ya tambaya. A ware wani abu kaɗan daga kuɗin kowace jarka domin wannan aiki. Ma'aikatan da ke Katsina da Abuja, masu haɗa kuɗi su haƙa wa garinsu rijiya, su sa kuɗin kulawa cikin lissafi tun daga farko, domin ladan rijiya yana tare da lafiyar masu shan ruwanta.