Maganin Faso: Ruwa da Mai Sun Isa

Mai karatu, in hunturu ya shigo, faso yakan tsage diddigenka har taka ƙasa ya zama wahala. Wani zai ce ka jiƙa ƙafa cikin ruwan kanwa, wani ya ce toka, wani ya ce garin sabulun wanki. Mu dai ba mu yarda ba. Waɗannan suna cinye maiƙon fata, ta ƙara bushewa, tsagar ta ƙara zurfi.

Ga abin da ya fi. Da dare ka sa ƙafafunka cikin ruwa mai tsabta, minti 20. In kaushi ya yi laushi, ka goge shi da dutse a hankali. Ban da reza. Tun fata ba ta bushe ba, ka shafa man kaɗe ko basilin, gama mai ne ke riƙe damshi. Haka ake koya wa masu ciwon kuturta su yi kullum.

In ƙafarka ba ta jin taɓi, kada ka sa ta cikin ruwan zafi, za ka ƙone ba ka sani ba. Mai ciwon suga kuwa kada ya jiƙa, ya wanke kawai ya shafa mai. In tsagar ta kumbura ko tana mugunya, ka zo asibiti ran nan.