A Ɗaure Injinan Niƙa Roba Da Ƙasa Kafin A Kunna Su

Tun da sojoji suka ƙwace Khartoum a watan Maris 2025, mutane ke komawa gida, sana'o'i na farfaɗowa, har da ta niƙa tsofaffin jarkoki da kujerun roba. Matasanmu za su nemi abinci a irin waɗannan wurare a Omdurman da Bahri, shi ya sa muke magana tun yanzu.

Duk wanda ya yi aikin ya san ɗan “tas” ɗin nan da ke fizgar hannu in an taɓa inji. Wasu dariya ma suke yi. To, ba abin dariya ba ne. Gugar ɓarɓashin roba da juna tana tara lantarki, roba kuwa ba ta sakin shi, busasshiyar iskar Khartoum kuma sai ta ƙara masa ƙarfi. Tartsatsi ɗaya ya isa ya kunna ƙurar roba ko tururin man janareta. Mun dai ga yadda wuta ke yi a masana'anta: fashewar tankar gas a kamfanin tayil na Bahri, a Disamba 2019, ta kashe mutum fiye da 20.

Maganin bai kai kuɗin wuƙar injin ba. A haɗa jikin inji da bututunsa da wayar tagulla zuwa sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa mai danshi. A riƙa yayyafa ruwa, a share ƙura kullum, a fitar da jarkokin mai waje. Leburori su sa auduga, su bar nailan.

Hukumomin jihar Khartoum kuma kada su ba kowa izinin buɗewa sai jami'i ya ga wayar nan da idonsa.